Me babbar kotu take dubawa idan aka kai mata hukuncin ƙaramar kotu ko na kwamiti?

Mai Neman Haske ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da masana shari'a. Ina da tambayar da ta hana ni sukuni kusan makonni uku, kuma ina roƙon wanda ya san kan al'amarin ya warware mini ita dalla-dalla.

Yayana ma'aikacin awon filaye ne, ya shekara goma sha bakwai yana wannan sana'a. Wani mutum ya kai ƙararsa gaban kwamitin ladabtarwa na hukumar da ke ba su lasisi, bisa zargin cewa ya matsar da iyakar wani fili da gangan. Kwamitin ya zauna sau biyu, sannan ya janye lasisinsa. Mun tafi wurin lauya da ƙwarin gwiwa, domin akwai wani dattijo da ya ga lokacin da aka kafa turakun iyakar, wanda yana jinya a lokacin zaman, yanzu kuma ya samu sauƙi ya ce a shirye yake ya yi rantsuwa. Sai lauyan ya ce da wuya babbar kotu ta saurari dattijon, domin ba sabuwar shari'a za ta yi ba. Ya ƙara da cewa dokar da ta kafa kwamitin ta ce hukuncinsa shi ne na ƙarshe, amma duk da haka akwai ƙofa, sai dai yana son ya fara ganin takardun zaman.

Abu biyu ne suka ɗaure mini kai. Idan babbar kotu ba za ta saurari mutumin da ya ga abu da idonsa ba, to me take dubawa har ta gane an yi kuskure? Kuma idan doka da kanta ta ce hukunci ya zama na ƙarshe, ta ina kotu za ta shiga? Abincin gida guda ya rataya a kan wannan lasisi, ba na son mu kashe abin da ya rage a hannunmu a kan hanyar da ba ta ɓullewa.

Tsohon Magatakarda ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya kawo wa yayanka mafita. Ni ba lauya ba ne, amma na yi shekaru masu yawa ina haɗa kundin shari'a ana aikawa sama, don haka zan amsa rabin farko na tambayarka, in bar wa lauyoyi rabi na biyu.

Abin da ke zuwa gaban kotun ɗaukaka ƙara takarda ce. Idan aka ɗaukaka ƙara, magatakarda yakan tattara takardar ƙara, da amsar wanda ake ƙara, da abin da kowane mai shaida ya faɗa kamar yadda aka rubuta shi, da takardun da aka karɓa a matsayin hujja kowace da alamarta, da hukuncin kansa, a sa wa shafuffuka lamba, a ɗinke. Wannan kundi shi ne idon alƙalan sama da kunnensu. Na sha ganin mai ƙara ya zo da shirin bayani, ya zauna yana jiran a kira shi, sai lauyansa ya miƙe ya ce a duba shafi kaza layi kaza, ɗayan lauyan ya nuna wani shafin, alƙalai su yi tambaya biyu ko uku, a ɗage zama zuwa ranar hukunci, mutumin ya fita bai furta kalma ɗaya ba. Yawancinsu a bakin ƙofa suke tambayata ko an fasa zaman ne, alhali an gama shi.

Dalilin wannan tsari yana da nauyi, ko da yake yana da ɗaci ga wanda ya faɗi. Alƙalin farko ya ga mai shaida yana magana, ya ga inda muryarsa ta yi rawa, ya ga inda ya yi jim kafin ya amsa, da inda ya waiwaya ya dubi wanda ya kawo shi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke shiga rubutu. Gani ya kori ji, shi ya sa idan alƙalin farko ya ce ya gaskata wane ya ƙaryata wane, alƙalan sama ba sa taɓa wannan sai in abin da ya yanke ya saɓa wa abin da ke cikin kundin ƙarara, ko ya dogara da hujjar da doka ta hana karɓa, ko ya kau da kai daga wata hujja mai muhimmanci bai ce komai a kanta ba. A kotunan tarayyar Amurka ma ƙa'idar a rubuce take, cewa ba a rushe abin da alƙali ya tabbatar na aukuwar lamari sai kuskuren ya fito fili. Amma idan maganar ta fassarar doka ce, alƙalan sama ba sa ɗaga wa na ƙasa ƙafa ko kaɗan, domin doka ba ta da fuskar da za a karanta, kowa takarda ɗaya yake dubawa. Tsakanin waɗannan biyu akwai abubuwan da doka ta bar wa alƙali ya auna da hankalinsa, kamar yawan diyya ko tsawon ɗauri a cikin iyakar da aka gindaya. A nan ba ya isa alƙalan sama su ce da su ne da sun yanke daban, sai sun nuna cewa ma'aunin da aka yi aiki da shi gurɓatacce ne.

Batun dattijonku kuwa, akwai sharuɗɗa uku da kotunan ƙasashe da dama suka gada daga wata shari'a da aka yi a Ingila a 1954, wadda ake kira Ladd da Marshall. Dole a nuna cewa ba a iya samun shaidar a lokacin shari'ar farko ba duk da an yi iya ƙoƙari, kuma da an ji ta da ta yi tasiri mai ƙarfi a kan sakamako, kuma a zahirinta abin gaskatawa ce. A waccan shari'ar wata mata ce ta ba da shaida cewa ba ta tuna an biya mijinta wasu kuɗi ba, bayan aurensu ya mutu ta dawo ta ce ƙarya ta yi saboda tsoronsa. Kotu ta ƙi karɓar sabuwar maganarta. Saboda haka tambayar da za a fara yi muku ita ce: yayanka ya shaida wa kwamiti cewa yana da mai shaida a gadon jinya, ya roƙi a ɗage zama? In ya roƙa aka hana shi, wannan magana ce babba. In kuwa bai ambace shi ba, sharaɗin farko zai yi muku wuyar tsallakewa.

Lauya Mai Zaman Kanta ta amsa:

Baba Magatakarda ya yi bayanin ɗaukaka ƙara yadda ba ni da abin ƙarawa, Allah ya ƙara masa lafiya. Sai dai ina ganin abin da lauyanku yake nufi da ƙofa wata hanya ce daban, kuma rashin bambance hanyoyin nan biyu shi ne yake sa mutane da yawa su yi asarar ƙara mai kyau.

Ɗaukaka ƙara haƙƙi ne da doka take bayarwa. In doka ba ta ce ana ɗaukaka ƙara daga wuri kaza zuwa wuri kaza ba, to babu shi. Hanya ta biyu ita ce ikon sa ido da babbar kotu take da shi a kan ƙananan kotuna da kwamitoci da hukumomin da doka ta ba su ikon yanke hukunci a kan mutane. A wannan hanya kotu ba ta tambayar ko yayanka ya matsar da iyaka ko bai matsar ba. Abin da take tambaya shi ne, shin kwamitin ya tsaya a cikin hurumin da doka ta shata masa, shin ya fahimci dokar daidai, shin ya ji ta bakin kowane ɓangare, shin akwai wanda ya zauna a kujerar hukunci alhali yana da ruwa da tsaki a cikin maganar, kuma shin hukuncin yana cikin abin da mai hankali zai iya kaiwa gare shi. Wannan ma'auni na ƙarshe yana da tsauri ƙwarai. An fi jingina shi ga shari'ar Wednesbury ta ƙarshen 1947 a Ingila, inda wata ƙaramar hukuma ta bai wa gidan silima izinin buɗewa ranar Lahadi bisa sharaɗin kada a shigar da yara 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kotu ta ƙi soke sharaɗin, ta ce ba za ta sa baki ba sai matakin ya kai wanda babu hukuma mai hankali da za ta ɗauke shi.

Game da kalmar na ƙarshe da ta tayar maka da hankali, shari'ar da ta fi shahara a kanta ita ce ta Anisminic. Kamfani ne na Birtaniya mai haƙar ma'adinai a yankin Sina'i, wanda ya rasa dukiyarsa bayan rikicin Suwez na 1956. Ya nemi kasonsa daga kuɗin diyya, hukumar da ke rabon ta hana shi, kuma dokar 1950 da ta kafa hukumar ta ce ba za a ƙalubalanci abin da ta yanke a kowace kotu ba. A Disamba 1968 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, waɗanda su ne kotu mafi girma a ƙasar a lokacin, suka ce hukumar ta ɗora wa kamfanin sharaɗin da doka ba ta ɗora masa ba, saboda haka abin da ta fitar suna kawai yake da shi na hukunci, kuma kariyar da doka ta bayar ta hukuncin gaske ce. A Indiya kotun ƙoli ta je gaba da haka a 1997, a shari'ar Chandra Kumar, inda alƙalai bakwai suka yanke cewa ikon manyan kotuna na duba hukuncin kotunan musamman yana cikin ginshiƙan tsarin mulki, majalisa ba za ta iya cire shi ba. Ni a ganina wannan shi ne daidai, domin kwamitin da aka bar shi ya zama shi ne mai faɗin iyakar ikonsa, kuma babu mai tambayarsa, ya tashi daga bawan doka ya koma ubangijinta. Amma ƙarfin wannan ƙa'ida ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ya kuma dogara da lafazin dokar da ke hannu, shi ya sa lauyanku ya yi gaskiya da ya ƙi yin alkawari kafin ya karanta.

Akwai kuma abin da ya kamata ku shirya wa zukatanku. Idan aka yi nasara ta wannan hanya, galibi kotu soke hukuncin take yi ta mayar da maganar a sake zama bisa ƙa'ida, wani lokaci a gaban wasu mutane daban. Ba kasafai take maye gurbin kwamiti ta wanke mutum da kanta ba. Wannan yana kama da yadda kotun soke hukunci ta Faransa take aiki, wadda asalinta ya koma 1790: tana duba doka kaɗai, in ta ga kuskure ta rushe hukuncin, ta tura shari'ar ga wata kotu mai daraja ɗaya da wadda ta yanke shi. Amfanin sake zama a wurinku shi ne a can ne dattijon zai samu bakin magana.

Ina son ka faɗa mana yadda zaman biyun suka gudana, tun daga takardar gayyata har zuwa ranar da aka sanar da shi hukunci.

Mai Neman Haske ya sake rubutawa:

Na gode, Baba, na gode, Barista. Na kira yayana na tambaye shi. Bai ambaci dattijon a gaban kwamiti ba, domin ya ɗauka taswirarsa da littafin awonsa sun wadatar. A zama na farko an karanta masa zargi ya amsa. A na biyu shugaban kwamitin ya ce sun tura wani ma'aikaci ya sake auna filin, kuma rahotonsa ya gamsar da su. Yayana ya nemi a nuna masa rahoton, aka ce takardar cikin gida ce. Bai san ranar da aka je awon ba, bai kuma ga ma'aikacin ba balle ya yi masa tambaya. Takardar hukuncin layi huɗu ce, kuma ta ambaci rahoton. Ban kawo wannan tun farko ba domin na ɗauka haka ake yi.

Almajirin Fiƙihu ya amsa:

Kafin Barista ta dawo, bari in ɗan sa baki, domin abin da ɗan'uwanmu ya faɗa yanzu ya tuna mini da babin alƙalanci a fiƙihu, inda aka daɗe da tattauna wannan mas'ala.

Malamai sun kafa ƙa'ida cewa ijtihadi ba ya warware ijtihadi. Ma'ana, idan alƙali ya yi iya ƙoƙarinsa a mas'alar da take karɓar saɓani ya yanke hukunci, wani alƙali ba zai rushe shi ba don kawai nasa ra'ayin ya bambanta, in ba haka ba babu rigimar da za ta taɓa mutuwa. Ana kafa hujja da abin da aka ruwaito daga Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, a wata mas'alar gado da ya yanke iri biyu a lokuta biyu, da aka tuna masa hukuncin farko ya ce wancan yana kan abin da aka hukunta, wannan kuma yana kan abin da ake hukuntawa yanzu, bai koma ya warware na baya ba. Amma malaman Malikiyya, kamar Imam Ƙarafi, sun lissafa wurare huɗu da ake rushe hukunci: idan ya saɓa wa nassi bayyananne na Alƙur'ani ko hadisi, ko ijma'i, wato abin da malamai suka haɗu a kansa, ko ƙiyasi bayyananne, wato kwatanta mas'ala da makamanciyarta da aka san hukuncinta, ko ƙa'idojin shari'a. Duk wanda ya kwatanta wannan da bayanin Baba Magatakarda zai ga hankali ɗaya ne yake aiki: abin da aka bar wa alƙali ya auna ana girmama awonsa, abin da ya keta doka kuwa ba a barinsa.

Abin da ya fi kusa da matsalarku shi ne i'izari. A mazhabar Malikiyya, kafin alƙali ya yanke hukunci a kan mutum dole ya sanar da shi hujjar da aka tsayar a kansa, ya tambaye shi ko yana da sauran magana ko sukar da zai yi wa shaidun, ya ba shi wa'adi in ya nema. Hukuncin da aka yanke ba tare da wannan ba abin warwarewa ne, ko da alƙalin adali ne. Rahoton da aka ɓoye wa wanda za a hukunta da shi, ban ga yadda zai tsallake wannan ma'auni ba.

Mai Bibiyar Shari'u ya amsa:

Allah ya gafarta malam, na amfana da wannan kwatanci. Sai dai ina son in faɗi ɓangaren da ke damuna, domin kada mai tambaya ya ɗauka cewa kowane kuskure yana da mai gyara shi a sama.

Tsanin kotuna yana da ƙarshe, kuma ba kowa ne yake kaiwa matakin ƙarshen ba. Kotun ƙolin Amurka tana samun dubban buƙatu a shekara, amma waɗanda take saurare ba su kai ɗari ba, kuma sai alƙalai huɗu daga cikin tara sun yarda kafin a karɓi ƙara. Ɗaya daga cikin alƙalanta, Robert Jackson, ya rubuta a 1953 cewa ba don ba sa kuskure ne maganarsu ta zama ta ƙarshe ba, don ta zama ta ƙarshe ne ake ɗaukarta marar kuskure. An ga nauyin wannan a Najeriya bayan zaɓen 2023. Kotun ɗaukaka ƙara ta sauke gwamnan jihar Filato da 'yan majalisa da dama na jam'iyyarsa bisa dalilin da ya shafi yadda jam'iyyar ta tsayar da 'yan takara. Gwamnan yana da damar zuwa kotun ƙoli, kuma a Janairu 2024 ta mayar masa da kujerarsa, ta ce dalilin ba ya cikin abin da kotun zaɓe ke da hurumin dubawa. 'Yan majalisar kuwa tsarin mulki ya tsayar da shari'arsu a kotun ɗaukaka ƙara, don haka suka rasa kujerunsu a kan dalilin da kotu mafi girma ta ƙi amincewa da shi. Na fahimci hikimar sa wa shari'a iyaka, amma har yau wannan misali yana ci mini rai.

Wani lokaci kuma kotun ƙarshe takan waiwayi kanta, ko da yake da ƙyar. A ƙarshen 1998 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya sun jingine hukuncin da suka yanke a kan tsohon shugaban Cile, Pinochet, bayan an gano cewa ɗaya daga cikinsu, Lord Hoffmann, darakta ne a wata gidauniya mai alaƙa da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty International, wadda ta shiga shari'ar. Ba a ce ya yi son kai ba, alaƙar kaɗai ta isa aka kafa sabon zama na alƙalai bakwai.

Lauya Mai Zaman Kanta ta sake amsawa:

Malam Mai Neman Haske, abin da ka ɗauka ƙaramar magana shi ne ƙashin bayan ƙararku, kuma ya fi shaidar dattijon ƙarfi nesa ba kusa ba a gaban babbar kotu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce an ɗora hukunci a kan hujjar da wanda ake tuhuma bai gani ba, ya nema aka hana shi, sannan takardar hukuncin da kanta ta shaida cewa da ita aka yi aiki. Kotu ba ta buƙatar sanin awon filaye kafin ta gane wannan. Rashin cikakken bayanin dalilai a takarda mai layi huɗu shi ma abin dubawa ne, gwargwadon abin da dokar kwamitin ta wajabta.

Maganar Mai Bibiyar Shari'u gaskiya ce, kuma zan ƙara mata da cewa ƙofar da ta fi rufe wa mutane ita ce ta lokaci. A Ingila ana son a shigar da irin wannan buƙata cikin gaggawa, kuma kada ta wuce wata uku daga ranar da dalilin ya auku, ƙasashe da dama kuma suna da wa'adi makamancin wannan ko wanda bai kai shi ba. A wurare da yawa sai an fara neman izinin kotu, kuma za ta tambaya ko akwai wata hanyar ƙorafi a cikin hukumar da ba ku bi ba. Ka kuma sani cewa shigar da ƙara ba ya dakatar da hukunci da kansa, sai an roƙi kotu ta ba da umarnin dakatarwa, saboda haka kada yayanka ya sa hannu a wata taswira kafin a samu wannan umarni, domin hakan zai iya zama sabon laifi.

Kun riga kun ci makonni uku. Gobe ya rubuta wa sakataren kwamitin yana neman kwafin bayanan zaman biyu da rahoton awon, ya tabbata an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinsa. Ya zauna yau ya rubuta duk abin da ya tuna, musamman kalmomin da aka faɗa lokacin da ya nemi rahoton da sunayen waɗanda suke wurin, domin da wannan za a shirya takardar rantsuwarsa. Ko sun ba da takardun ko sun hana, ku kai wa lauyanku amsar a cikin makon nan.